Auta da Ɗan Hutu

Ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma ina son sa, kada wani ya tashi ya ce ban faɗa ba. Amma tun ranar da Allah ya kawo shi duniya nake jin haushinsa, kuma haushin nan kishi ne, ba sai na shafa masa hoda ba. Mu biyu ne muka rayu a wurin Umma. Ni ce babba, shi ne Auta, da sunan ya yi rarrafe, da shi ya yi gemu. Ni na goya shi har bayana ya gaji, ni na sha duka a kan kofin da shi ya fasa. Amma in Umma ta buɗe baki za ta kira mutum, ko ina tsaye a gabanta, sunansa ne ke fitowa. "Auta, miƙo min ruwa." Ni zan tashi in miƙo. Ta sha, ta ajiye kofi, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Abin da nake nema a wurin matar nan bai taka kara ya karya ba. So nake ta zauna da ni, ni kaɗai, ta kira ni don ni take son gani.

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Rediyon Babanmu, Allah ya jiƙan sa, sai ya farke mata ciki ya zube kayan a ƙasa, ya mayar, ya bar kusoshi a waje, kuma ta yi magana. Umma ta yi ta shiga maƙwabta tana ba da labari. Ni da na iya girki tun ban kai tsayin tukunya ba, ba a taɓa kai labarina ko bakin ƙofa ba. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya karanci harkar kwamfuta da haɗa kebul, ya gama ya zauna yana gyaran wayoyin mutane a ƙofar gida. Lokacin ni na daɗe ina aiki a kamfanin ƙyanƙyasar kaji da ke bayan gari. Da aka ce ana neman mai kula da na'urori, wa ya kai sunansa gaban Manaja? Ni. Da hannuna na janyo wa kaina.

In ba ka taɓa shiga irin wurin ba, zaure ne dogo, injinan ƙyanƙyasa a jere hagu da dama, kowane kamar babban firji, sai dai ɗumi ke ciki. Ƙwai kuwa ya fi jariri mita. Zafi ya ɗan hau, ya dahu. Ya ɗan sauka, ɗan tsakon ya mutu a ciki. Danshi ya yi kaɗan, ɓawo ya manne masa. Kuma dole tiren da ke ɗauke da ƙwan ya riƙa karkata nan da can, yadda kaza ke juya nata. Aikina in zuba, in haska da fitila in cire marasa rai, in kwashe 'yan tsaki ranar da suka fito, in wanke ƙarnin. Shekara da shekaru hancina bai san wani turare ba.

Daga kowane inji kebul ya fita, ya bi ta saman bango, duk suka haɗu a wani ɗan ɗaki a ƙarshen zauren, mai ƙofa da ɗan gilashi da muke leƙawa. A ciki akwai akwatin ƙarfe a kan kanta, bai fi jakar tafiya ba, da 'yan fitilu suna ƙyaftawa. Shi ne mai ba da umarni. Shi ke jin zafin kowane inji, ya ce wa hita kunnu, ya ce wa fanka tsaya, ya ce wa tire juya. Na taɓa tambayar Auta, tunda babban ofishinmu da ke wani gari yana da manyan kwamfutoci, me ya hana su riƙe aikin daga can. Ya kalle ni kamar na tambayi abin da ya sa ruwa ke jiƙa kaya.

Ya ce, "Yaya, in sai inji ya aika tambaya can an ba shi amsa kafin ya kunna fanka, ranar da hadari ya ɗauke sabis dafaffen ƙwai za ki sayar. Shi ya sa aka ajiye mai yanke shawarar a nan kusa da ƙwan. Su can rahoto kawai ake tura musu in sabis ya samu."

Ɗakin nan shi kaɗai ke da esi a duk kamfanin, kuma makullin yana aljihun Auta. Mu muna zufa a zaure, akwati da ƙanena suna shan sanyi.

Akwatin yana da nasa halin. Wata ran ƙura ce, wata ran an ɗauke wuta janareta ya yi jinkirin karɓa, wata ran babu dalili, kawai ya ga dama ya sandare. In ya sandare, kowane inji sai ya tsaya a kan umarnin ƙarshe da ya ji. Wanda hitarsa ke kunne ya ci gaba da gasa ƙwai, wanda tirensa ya karkata ya tsaya a karkace. Ƙararrawa ta ɗauka, mu mu bazama, mu buɗe ƙofofi, muna fifita da kwali, kowa na ihu, "A kira Auta! A kira Auta!" Can sai ka ji ƙarar babur. Zai shigo da gudu har bakin zaure, daga nan kuma ya rage sauri, don a gan shi. Ya kaɗa makullai, ya shige ɗakin sanyi, ya rufe. Kafin shayi ya huce fankoki sun dawo, ya fito yana goge hannu. Manaja ya dafa masa kafaɗa, a buɗe masa lemo mai sanyi. Ni kuma ina tsaye da kwali a hannu, ɗankwali ya jiƙe sharkaf, ko sannu babu.

Haka rayuwar Auta ta zama. Wayarsa ba ta barin aljihun ƙirji, ko wanka zai shiga sai ya ɗora ta a kan taga. An kira shi yana tsakiyar cin abinci, an kira shi rabin kansa a hannun mai aski, ya zo haka da rabin gashi. Ranar da matarsa ke naƙudar fari, daga bakin ɗakin haihuwa aka janye shi, sai a waya ya ji kukan 'yarsa. Matar ta yi mita har ta gaji ta bari. Shi kuma kullum ƙorafi, "Mutanen nan ba sa barin mutum ya huta." Amma ka dubi bakinsa in yana faɗa, murmushi ne yake ɓoyewa. Daɗin abin yake ji har ransa. Ni da na goya shi ba zai yi min wasan kwaikwayo ba.

To ni ma akwai ribata a ciki, kuma ba kowa ya sani ba. Da Umma ta tsufa, ƙafafu suka ƙi, gidansa ta koma. Gidana ya fi nasa fili, amma wa ya tambaye ni? Ranar hutuna in na je, zan tarar da shi zaune a gefen ƙafarta, suna hira ƙasa-ƙasa, ni ina kujera kamar baƙuwar da ta zo neman ɗakin haya. Sai wayar nan ta yi ƙara. Ya zabura, ya suri makulli, ya fice. Umma ta bi ƙofa da kallo, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta juyo ta gan ni. "Au, kina nan? Matso ki danna min ƙafar nan." In matsa. In shafa mata mai, in taje mata furfura, ta ba ni labarin ƙuruciyarta, har wani lokaci ta yi dariya ta bugi cinyata. Duk abin da na samu na Umma a shekarun nan, lalacewar akwatin nan ce ta ba ni. In na ji ƙarar wayarsa a gidan, wallahi kamar an yi min albishir.

Sai ranar da akwatin ya sandare Auta yana kan hanya mai nisa, tayar babur ta yi faci. Kafin ya iso, inji guda cur ya dahu. Ni na kwashe ƙwan, kuma ba na fatan maƙiyina ya shaƙi wannan wari. Babban ofis ba su yi faɗa ba. Bayan 'yan makonni suka turo wata injiniya, siririya mai gilashi, ba ta kai Auta shekaru ba, magana a hankali kamar mai gudun tada barci. Ta zo da kwali, ta buɗe, sai ga akwati sak irin namu. Ta ɗora shi a kanta ta ƙasa, ta haɗa su da wani gajeren kebul ruwan ɗorawa. Aka tara mu a bakin ƙofa, ta yi bayani.

Ta ce, "Wannan na biyun ba ya ba kowa umarni. Zaune yake yana sauraro. Ta kebul ɗin nan na farkon yana ce masa ina nan, ina nan, ba fasawa, kuma duk abin da ya sani yana kwafa masa. Da zarar ya ji shiru, sai ya karɓi aikin daga inda aka tsaya."

Auta ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin kama ɓarawo. Ya ce, "To Injiniya, in kebul ɗin ne ya tsinke alhali na farkon yana da ransa fa? Ba shugabanni biyu ke nan ba, wannan ya ce kunna, wancan ya ce kashe?"

Ta ce, "Tambayarka ta yi kyau, Malam. Shi ya sa ba ya karɓa sai ya tambayi injinan ta nasu layin, ko suna jin na farkon. In suna jin sa, ya koma ya zauna."

Na ga fuskar ƙanena ta faɗi. Ya so ta yi inda-inda, ba ta yi ba. Amma mai zafin tana gaba. Ta ce yanzu za a gwada, kuma daga yau duk wata za a riƙa gwadawa, da rana, Manaja na tsaye, don akwatin jiran da ba a gwada shi ado ne kawai. Ta nuna fulogin na farkon.

"Malam, zare."

"Ni?"

"Kai ne mai ɗakin. Ka zare, sannan ka mayar da hannuwanka baya. Ko me ka gani kada ka taɓa komai. In ka taɓa, ba mu gwada komai ba."

Ya zare. Fitilun na saman suka mutu. Na ga yatsunsa a bayansa suna murɗa juna, jikinsa duk ya karkata gaba kamar mai shirin tarar yaron da zai faɗi. Kafin ya gama karkatar, fitilar na ƙasan ta koma kore. Muka juya muka dubi zaure. Fankoki na juyawa, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba, can wani tire ya karkata a hankali a kan lokacinsa. Ma'aikata suka ɗauki tafi. Tafi fa, wa akwati! Manaja har da dafa saman ƙarfen, daidai yadda yake dafa kafaɗar Auta. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba, har tafin hannuna ya yi zafi.

Daga ranar Auta ya sa wa na biyun suna Ɗan Hutu. "Yana zaune a esi, ba ya tsinana komai, an zo ana tafa masa." Na ce, "Ikon Allah! Ai na san wani mai irin wannan aikin." Bai yi dariya ba. Na farkon shi ne Babba a bakinsa, shi yake gogewa da hankici, ya hura masa ƙura, har magana yake yi masa. Ɗan Hutu kuwa sai dai ya kaɗa masa tsumma daga nesa. Aikin da aka ɗora masa yana yi, don Auta ba maha'inci ba ne. Duk canjin da ya yi wa Babba sai ya duba ya tabbatar ya sauka a na ƙasan, in aka ƙara sabon inji ya tabbatar dukansu biyun sun san da shi. Amma da tsaki yake yi, kamar wanda aka sa ya wanke wa abokin faɗansa riga.

Wayarsa ta yi shiru. Da farko ya ɗauka ta lalace, ya kwance ta ya mayar. Wata rana ya same ni ina haska ƙwai ya ce, "Yaya, ɗan kira ni in ji." Na kira, ta yi ƙara a aljihunsa raɗau. Ya tsaya yana kallon ta. Babba bai daina halinsa na sandarewa ba, amma yanzu in ya sandare, na ƙasan ya karɓa, saƙo kawai ke zuwa wa Auta, ya zo da safe a nitse ya tayar da shi. Babu ihu, babu gudu, babu lemo mai sanyi. Masu wankin tire suka samu abin tsokana. In ya shigo sai su ce, "Malam Auta, a gaida mana Ɗan Hutu, a ce muna godiya." Ya yi kamar bai ji ba, amma kunnuwansa suna motsi.

Ranar gwajin wata ita ce ranar azabarsa, kuma ita ce ranar begensa. Zai zo da wuri, ya sa riga mai guga, don ko da Allah zai sa. Ya zare fulogi, ya mayar da hannu baya, leɓɓansa na motsi. Na rantse ba addu'ar nasara yake yi ba. Fitila ta koma kore, ya ce, "Ya yi," da muryar mai karɓar gaisuwar rashi. Na taɓa ce masa, "Kai yanzu don Allah da ƙarfe kake kishi?" Ya ce, "Ba kishi ba ne, Yaya. Abin da bai san wahalar wurin nan ba, bai taɓa shan rana a kan babur ba, shi ne yau ake yabo." Na ce a raina, sannu da zuwa, ka ɗanɗana ka ji.

Dariyata ba ta yi nisa ba. Ranar hutuna na je gidan, na zauna a kujerata ta baƙi, ina jiran waya ta yi ƙara. Shiru. Auta na gefen ƙafar Umma, shi ke danna mata, shi ke shafa man, har tajar furfurar ya koya. Na zauna har rana ta yi sanyi, ban samu ko "au, kina nan" ba. Sati na gaba haka, na bayansa haka. Umma sai cewa take yi, "Alhamdulillahi, sun sakar min ɗana." Ashe tafin da na yi, wa kaina na tafa asara. Muka zama mu biyu masu jin haushin akwati ɗaya, shi don ba a kiran sa, ni don ba ya tashi. In na wuce ɗakin na leƙa ta gilashi na ga Ɗan Hutu yana ƙyafta ido a sanyi, ji nake kamar in watsa masa ruwan wanki.

A haka ciwon Umma ya tashi, aka kwantar da ita a asibiti. Muka raba zama, amma rabon nan suna ne kawai, don ni ina da ƙwai, shi kuwa yana da Ɗan Hutu. Ranar da abin ya faru ranar fitar 'yan tsaki ce. Ɗayar matar da ta san aikin kamar ni tana hutun haihuwa. Da safe na leƙa asibiti na ga numfashin Umma bai min ba. Na roƙi Manaja ya bar ni. Ya ce, kuma da gaskiyarsa, ranar ƙyanƙyasa ba a barin zaure sai da wanda ya san injinan, in Auta zai zo ya tsaya, in tafi. Na kira Auta, ya ce bari likita ya gama zagaye. Na san zagayen nan ba zai ƙare ba, don Umma ba za ta sake shi ba.

Wajen azahar ina kwashe 'yan tsaki, hannuwana cike da su suna ciu-ciu, sai na ji ƙauri, irin na robar da ta ƙone. Na bi ƙaurin har ƙarshen zaure, na leƙa ta gilashi. Babba ya yi duhu, wani siririn hayaƙi yana fita ta bayansa. Wannan ba sandarewa ba ce, mutuwa ce ta gaske. Sai wani daɗi ya taso min, na ce yau dai dole ya zo, ya zo in tafi. Na goge hannu a riga na danna lambarsa.

"Auta, Babba ya ƙone. Hayaƙi yake yi."

Na ji kujera ta ja, na ji ƙarar makullai. Ya amsa da muryar da na yi watanni ban ji ba. "Ya ƙone? Gani nan, Yaya, gani nan! Kada kowa ya taɓa komai!" Wannan kiran yake jira tun ranar da aka kawo Ɗan Hutu. Sai na ji wata murya daga nesa, siririya, da ƙyar take fita.

"Auta, ina za ka?"

Makullan suka yi shiru. Na ji numfashinsa a kunnena. Can ya ce, a hankali, "Yaya, hayaƙin yana ƙaruwa?"

"Ya tsaya."

"Dubi na ƙasan. Wace fitila ce?"

Na duba. Da ja ce, da na ji daɗin faɗa. "Kore."

"Tire na juyawa?"

A gabana wani ya karkata, a nitse, kamar yana min gwalo. "Suna juyawa."

"Zafin fa?"

"Daidai yake. Auta, ka ji ni, ba don akwati nake kiranka ba. Ka zo ka tsaya a zauren in zo in gan ta. Tun safe nake roƙo."

Mutumin da ya bar matarsa a bakin ɗakin haihuwa, ya bar mai aski da reza a hannu, ya ce min, "Yaya, ba sai na zo ba. Ɗan Hutu ya riƙe aikin. Kuma Umma ta riƙe min hannu, ta ƙi saki. Bari ta samu barci, sai in zo ki taho."

Na ce ya kara mata wayar a kunne. Na ji yana cewa, "Umma, Yaya ce." Na ce, "Umma, ni ce, ya jikin?" Na ji numfashinta, sannan ta ce, ba da ni ba, da shi, "Ce mata ta kula da ƙwan mutane."

Na kula da su. Ko ɗaya bai mutu ba, ranar ma an samu ƙyanƙyasa mai kyau, Manaja har yana yabawa. Ina cikin jera kwalayen 'yan tsaki, bayan la'asar, wayata ta yi ƙara, na ga sunan matar Auta, na san abin da za ta faɗa. Barcin da yake jira ta samu, ta samu, hannunta a cikin nasa. Shi ya ji kalmarta ta ƙarshe, shi ya rufe mata ido. Ni na iso da ƙarnin ƙwai a jikina da gashin tsako a ɗankwali, an riga an ja mata mayafi.

An kawo sabon akwati a madadin Babba, amma Auta bai ɗora shi a sama ba. Ya bar Ɗan Hutu yana jan aikin, sabon ya zama mai jira. Yanzu shi yake gogewa da hankici, shi yake hura wa ƙura, kuma ya hana masu wankin tire kiran sa da sunan da shi da kansa ya raɗa masa. Ranar gwaji zai zare fulogi, ya mayar da hannu baya, ya tsaya cak, leɓe ba ya motsi. Sabbin ma'aikata yana koya musu da kansa, yana cewa aikin da ba ya tafiya sai da kai, ba ka gama shi ba. Ya yi ƙiba, yana zuwa taron makarantar 'yarsa, wayarsa har mantawa yake yi da ita a mota. Ni in an zo gwajin fita nake yi waje. Ba na iya kallon koriyar fitilar nan. Shi ta ba shi yinin ƙarshe na Umma, ni ta hana ni, kuma har yau ina kishi, da shi da akwatin duka, ban ga ranar dainawa ba.

Bai taɓa ce min in yi haƙuri ba, ya san abin da zan mayar masa. Abin da ya yi, bayan an share makoki, ya je ya tsaya a ofishin Manaja ya ƙi fita. Ya ce an yi wa ƙarfe na biyu, ba a yi wa Yayarsa ba. Bai bar maganar ba sai da aka ware mata biyu na koya musu aikina tun daga zuba ƙwai har kwashe 'yan tsaki, kuma shi ya nace a riƙa gwada su yadda ake gwada akwati, in tsaya gefe hannuna a baya su yi ranar ƙyanƙyasa su kaɗai. Sun iya. Ranar da suka yi ta farko ba tare da na sa hannu ba, ya zo ya same ni a bakin famfo, yana murna kamar ya kawo min kyauta.

Ya ce, "Yaya, yanzu duk lokacin da kika so fita, ki ajiye ki fita. Babu mai riƙe ki."

Na ce masa na gode. Na cire safar hannu, na rataye rigar aiki, na ɗauki jakata, na fita har bakin titi da rana tsaka, babu wanda ya kira ni. Na daɗe a tsaye, motoci suna tsayawa suna tambayar ina za ni. Da na rasa abin da zan ce musu, sai na koma ciki na ɗauki tsintsiya.